Jitar Nassirou Ba Ta Ƙara

Kuma don Allah kar wani ya zo yana ce min laifin jitar ne, don ƙofar gidanmu na kallon ta gidan Alhaji Barau, a kan idon layinmu aka yi komai. Jitar nan ko sauro ya fi ta baki. Ku zo Zangon Agege yau ku bi gida gida kuna tambaya wa ya taɓa jin kukanta, wallahi sai dai ku gaji ku zauna ku sha zoɓo. Amma bari in faro muku daga kan mai ita, kar ku ce na cika surutu ba kan gado.

Nassirou sunansa, ɗan Nijar ne daga wajen Ƙonni. Dogo, siriri, ba ya magana sai an tambaye shi, in ma an tambaye shi sai ya duba ƙasa tukuna kamar a can amsar ta faɗi. Sana'arsa rakiyar shanu. Kun san tirelar shanu in ta shigo Legas, da wasu mutane can sama a kan katako sun naɗe fuska da rawani, rana ta gasa su? To ɗayansu ne. A kasuwar Illela ake loda wa Alhaji shanu, Nassirou ya haye sama ya biyo su har kara ta Oko-Oba. In saniya ta faɗi a cikin mota, shi zai dira tsakiyar ƙahonni, motar na gudu fa, ya murɗa mata wutsiya, ya yi ta zabga mata ihu a kunne har ta miƙe kafin 'yan'uwanta su tattake ta. In ta ƙi tashi ya ga tafiya za ta yi, ya zaro wuƙa ya yanka kafin ta zama mushe. Ihun nan ne ya buɗe masa maƙogwaro. Mutumin da a ƙasa sai ka matso kafin ka ji sallamarsa, a saman mota in ya daka wa sa tsawa har direba na zabura a gaba.

Ya yi shekaru yana wannan hawa da sauka, har gwiwoyinsa suka fara ƙas-ƙas in zai yi sujada. Rannan Alhaji Barau ya kira shi gaban mutane ya ce, "Nassirou, ka riƙe amana. Bayan Babbar Sallah zan sauke ka daga motar nan. Ka zauna a kara kusa da ni ka koyi dillanci, ɗakin bayan nan kuma in an kwashe dusa naka ne."

Ɗaki fa. Mai ƙofa, mai sakata. Mutumin da gadonsa katako ne a saman ƙahonni. Nassirou ya durƙusa ya yi ta godiya har Alhaji ya gaji ya ce ya isa haka.

Shi Alhaji Barau haifaffen Agege ne, kakansa goro ya kawo shi Ikko, wato Legas. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, musamman inda jama'a ke kallo. Abin da ya tsana a duniya kiɗa. Ya taɓa korar wani yaronsa don kawai ya hango shi yana gyaɗa kai a bakin bikin Yarbawa. Ya sha faɗa da bakinsa, duk wanda ya kama da abin kiɗa cikin yaransa, ranar zai tattara ya bar masa gida.

To ga inda matsalar take. Nassirou na da ciwo, ciwon kuma jita ne.

Wani Buzu mai gadin kasuwar Illela, Amadou, shi ya koya masa, lokacin da suke zaman jiran lodi. Tun daga nan yatsunsa ba su sake zama lafiya ba. Ko a sahun jiran abinci za ka ga yana danna igiyar shanu da yatsun hagu kamar mai ƙirga wani abu. Ya taɓa sayen tasa, wata ƙatuwa mai tumbi, ta hannu. Ya naɗe ta a bargo ya ɗaure a katakon da yake zama, da niyyar in sun kusa Legas ya ba wa yaron mota ajiya. A ramukan Makwa motar ta yi tsalle, igiya ta kwance, jita ta sulale ƙasa, wani jan sa ya ɗago kai ya tare ta da ƙaho ta tsakiyar ciki. Haka san nan ya tafi da ita a ka kamar mai tallan jita har gadar Jebba, ba wanda ya isa ya matsa kusa. Wuyanta kawai Nassirou ya tsira da shi.

Wani zai ce daga nan ya haƙura. Ina! Sai ma ya zauna ya yi tunani, irin tunanin mai hankalin da zai kai shi ya baro. Ya ce abin da yake bukata ƙarama ce, wadda za ta shige cikin bakkonsa tsakanin kaya, wadda ba ta da tumbin da ƙaho zai samu, sannan uwa uba wadda ba ta ƙara. In ya samu wannan, ga ɗaki ga jita, Alhaji bai sani ba, kowa ya zauna lafiya.

Wadda ya kai wa maganar ita ce Bilkis, ɗiyar ƙanen Alhaji, mai kes ɗin cajin waya da sayar da iyafis a ƙofar gida. Bilkis ta iya Yarbanci kamar ita ta ƙirƙiro shi, kuma ba ta taɓa barin magana ta kwana a bakinta ba. Ya zo karɓar wayarsa, ya tsaya yana ta murza baki.

"Ɗan Nijar, lafiya? Ko aurena ka zo nema ne kake wannan zufa?"

"Subhanallahi. A'a, 'yar Ikko. Wani abu nika so ki taya ni saye. Jita."

"Jita? A gidan Baba Alhaji? Shebi ka gaji da aikin ne, ka faɗa kawai a sallame ka da mutunci."

"Wadda ba ta kuka nika so."

"To ka sayi muciya mana, ita ma ba ta kuka."

Amma ta ga yadda ya tsaya, hannu biyu a kan kes ɗinta kamar mai jiran sakamakon asibiti, sai ta ja tsaki ta ce ya shirya ranar da ba lodi, za ta kai shi kasuwar Alaba, kuma shi zai biya kuɗin motar danfo zuwa da dawowa har da tsire.

Suka bi ta Oshodi, suka canja mota a Mile 2, Bilkis ta yi faɗa da kwandasta biyu kafin su isa. Wanda bai taɓa shiga layin masu kayan kiɗa a Alaba ba bai san hayaniya ba. Kowane shago da sifika tsawon mutum a ƙofa, kowa na son ya nuna tasa ta fi tsawa, ga janareto na taya su. Magana sai da ihu, ciniki rabi da hannu.

Suka faɗa shagon wani Ibo da ya yi zaman Kano. Yana ganin rawani ya taso da murna.

"Aboki, shigo, shigo! Ni ɗan Sabon Gari ne, Kano gida. Jita? Ka zo wurin." Ya sauko da wata ja mai sheƙi, ya ja tsirkiya ɗaya. "Ka ji? Wannan in ka buga a coci, na layi uku baya zai tuba."

"Wagga ta yi girma," in ji Nassirou. "Kuma ta cika kuka."

Mai shago ya kawo wata 'yar mitsitsiya mai tsirkiya huɗu, da hoton ɓera mai jan wando a jiki. Bilkis ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Oga, ka dube shi da kyau. Mutumin nan da hannu yake ɗaga sa. Wannan ta yaran makarantar naziri ce." Nassirou dai ya karɓa don kunya, ya ɗora yatsu, yatsa ɗaya ya rufe tsirkiya biyu. Ya mayar.

Ta uku ta so ta yi. Ƙarama ce, tsirkiya shida, katako mai kyau. Ya buɗe bakkonsa ya gwada, ta shige sai ɗan kai da ya leƙo. Ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ya ji fanko, ya tuna jan sa, fuskarsa ta canja. Da ya kaɗa kuwa, 'yar ƙaramar nan ashe baki gare ta kamar mai tallan agidi.

"Ka ji ko?" Mai shago na washe baki. "Ƙarama amma tana da wuta!"

"Oga, abeg ka saurara," in ji Bilkis. "Wadda ba a ji yake so."

"Ba a ji kamar yaya?"

"Kamar ya buga, na ɗakin kusa bai sani ba."

Mutumin ya dubi Bilkis, ya dubi Nassirou. Ya ce tun da ya buɗe shago a Alaba ba a taɓa zuwa an tambaye shi abin da ba ya ƙara ba. Ya leƙa ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga ikon Allah. Can sai ya dafa kai, ya ce su jira, ya shige ciki yana ture kwalaye. Ya fito da wata doguwar jaka duk yanar gizo. Wai wani ne ya sa aka kawo masa daga waje, da ya ga abin ya ce shi jita ya ce, ba sandar makaho ba.

Gaskiyar mutumin ne. Sanda ce da tsirkiya shida. Ba tumbi, ba kai, sai wani siririn ƙarfe da ake maƙalawa a ɗora a cinya, in an gama a zare. Nassirou ya kaɗa. Tsit. Sai da ya kai kunne ya ji wani ɗan zizi. Mai shago ya sa mata batir, ya jona babban iyafis irin mai rufe kunne ruf, ya kifa masa a ka, ya murɗa wani maɓalli.

Nassirou ya sake kaɗawa, sai idonsa ya fito. Duniya ta ɗauke. Ba Alaba, ba janareto, ba Bilkis. Jita ce kawai cike da kansa, ƙatuwa, mai zurfi, kamar a filin biki a Ƙonni an jona wa manyan sifiku. Ya lumshe ido ya bi wani kiɗan da Amadou ya koya masa. Bilkis ta fita bakin shago ta dawo, ta matso har gefensa, ba ta jin komai sai hayaniyar kasuwa. Ta ga dai bakinsa na motsi, ta ɗauka bisimilla yake. Ta kira shi, ta sake kira, sai da ta zare masa abin daga ka.

"Ɗan Nijar! Tun ɗazu nake maka magana."

"Wallahi ban jiya ba. Kin ji kiɗin?"

"Ko ɗis."

"Bon. Ita ce. Pil nawa taka ci?"

"Batir ake cewa, jare. Ana cajinsa, ka riƙa kawo min."

Ya zare ƙarfen, ya tura ta cikin bakko tsakanin bargo da buta, ta ɓace kamar ba ta. Ranar har tsire biyu ya saya wa Bilkis.

Tafiyar da ta biyo baya ita ce mafi daɗi a rayuwarsa. In shanu sun natsu, hanya ta miƙe, ya zaro 'yar sandarsa, ya kifa iyafis a kan rawani. Kuma kun san kiɗa ba ya tafiya shi kaɗai. Tun yana gunguni har ya fara waƙa. A saman tirela wa zai ji? Ga iska, ga inji, ga kukan shanu. Ya saki maƙogwaron nan nasa yadda yake so, daga Yawuri har Ilori, shi a kunnensa yana jin kamar raɗa yake yi a ƙarƙashin jita.

Waƙoƙin ma nasa ne, abin da ido ya gani yake sawa. Ya yi wa ramukan Makwa, ya yi wa jan sa. Sannan ya yi wa wani abu da bai kamata ya fita daga bayan gida ba. Shanu in sun sha doguwar hanya suna isowa ne a rame, haƙarƙari a waje. Mahauta kuma da ido suke saye, ba da sikeli ba. To Alhaji na da dabara: kafin a fito da su kasuwa, a dama musu kanwa da gishiri, ƙishi ya taso musu, a sake su a kan ruwa su yi ta sha har ciki ya yi tim, fata ta miƙe. Wa ke damawar? Nassirou. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Jitarsa kawai ya faɗa wa.

Ana sauran 'yan kwanaki Babbar Sallah, wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya tara manyan masu sayensa a falo ana cin shinkafa ana maganar shanun layya. Cikinsu har da Alhaja Mulika, Bayarabiya daga Mushin, wadda ke ɗaukar shanu da yawa tana raba wa masu abincin biki. Matar nan ta girma cikin Hausawan kara, Hausarta har da habaici.

Nassirou ya iso da safe, ya sauke kaya, ya yi wanka, ya yi Juma'a. Ya leƙa ɗakin dusa, ɗakin da zai zama nasa, ya ga an fara kwashe buhuna. Daɗi ya kama shi. Ya ce bari ya gwada zaman ɗaki irin na masu ɗaki. Ya tura ƙofa, ya zauna a kan buhu, ya jingina da bango. Bangon nan kuwa ta sama bulo ne mai huji-huji na shan iska, bayansa falon Alhaji. Ya san da haka sarai. To mene ne? Ai jitarsa ba ta ƙara. Ya kifa iyafis, ya murɗe maɓalli har ƙarshe, ya lumshe ido.

Mu muna tsakar gidanmu, tsallaken titi fa, muka ji kamar an kunna lasifikar masallaci:

"Saniya ta baro Illela ƙashi da fata,
ta kwana gidan Alhaji ta tashi da tumbi.
Ba dusa ba, ba harawa ba,
kanwa da ruwa, Barau, kanwa da ruwa!"

Ba kiɗa, ba komai. Murya tsirara, irin wadda ake tayar da sa da ita. In ya kai ƙarshen baiti sai ya yi shiru, ashe a can cikin kunnensa jita ce ke amsawa, sannan ya sake dawowa da ƙarfin da ya fi na farko. Masu okada suka tsaya. Mai ɗinkin layinmu ya kashe keke. Bilkis ta bar kes ɗinta a buɗe ta ruga tana dukan ƙofar da tafin hannu, "Ɗan Nijar! Nassirou! Ka rufa wa kanka asiri!" Wa zai ji ta? Hankalin mutumin na can Ƙonni.

Shi dai abin da ya sani, yana tsakiyar wani wuri mai daɗi da bai taɓa samun yatsunsa sun bi shi haka ba, sai ya ji haske ya faɗo masa a fuska. Ya buɗe ido. Takalmin Alhaji ya fara gani, na zuwa Juma'a. Ya ɗaga kai. Alhaji, da shinkafa a yatsu. Bayansa Alhaja Mulika ta dafa ƙofa tana share hawaye da bakin gyale. Bayanta rabin layi.

Ya zare iyafis a hankali.

"Mene ne wannan a hannunka?" in ji Alhaji.

"Jita ce, ranka shi daɗe. Amma ba ta ƙara."

"Ita kam ban ji ta ba."

"Alhaji, ka bar yaron ya ƙarasa mana," in ji Alhaja Mulika, tana ta haki don dariya. "Ashe shi ya sa in na kai sa Mushin kafin la'asar sai ya koma ɗan maraƙi. Ni ina ta zargin yarana. Ɗana, akwai baiti na biyu?"

Akwai. Allah ya taimake shi bai amsa ba.

Kowa ya zaci ranar zai tattara. Ba a san Alhaji ba. Ya koma falo ya ce wa baƙinsa yaron kirki ne, rana ce ta hanya ta taɓa masa kai, a sa shi a addu'a. Korarsa ai gaskata waƙar ne, kuma wa ya san gidan dillalin da zai je ya rera baiti na biyu? Sai ya riƙe shi, ya ma ce a bainar jama'a ba shi da ɗan rakiya kamarsa, don haka ba zai iya sauke shi daga mota ba. Ɗakin dusa da kujerar kara aka ba wa wani Abdurrahim, wanda ko tafi bai iya ba. Shi kuma Nassirou aka tsara masa yadda in ya sauke shanu da safe, kafin azahar yana saman wata motar mai komawa arewa. Bai sake kwana a Agege ba.

Alhaja Mulika ba ta daina saye wurin Alhaji ba. Sai dai yanzu in ta nuna sa, a ɗaure mata shi a inuwa ta je ta dawo, sai ya gama fitsarinsa tas sannan a yi ciniki. Sauran mahauta ma sun koya. In Alhaji ya ratsa kara, ba mai cewa komai, sai dai ka ji wani can baya yana feɗuwar waƙar.

Nassirou na nan, gwiwoyin sun ƙara lalacewa. Yakan tsaya a kes ɗin Bilkis a tsaitsaye ya miƙa batir ta sa masa a caji kafin a gama lodi. Cajin ba ya kai shi ko'ina, wajen Makwa yake mutuwa. Daga nan har Illela haka zai yi ta kaɗa abar, shanu ba sa ji, yaron mota ba ya ji, shi kansa ba ya ji.

Rannan Bilkis ta ce masa, "To yanzu da ba abin ɓoyewa, mu koma Alaba mana a canja maka mai baki. Ko banza ka ji abin da kake bugawa."

Ya duba ƙasa. Ya ce, "A'a. Wagga ba ta taɓa tona ni ba."

Ya zura ta a bakko tsakanin bargo da buta, ya ɗingisa ya tafi neman motarsa.

To ku da kuka fi ni karatu, ku faɗa min: a kasuwar wane gari ake sayar da bakin da ba ya ƙara?